Oba-obar Malam a Zauren Mai Unguwa

Ni mai surutu ce, ban taɓa musun haka ba. Mu matan gidanmu duk haka Allah ya yi mu, in muka haɗu wurin suna sai maƙwabta sun leƙo su ga ko faɗa ake yi. To sai ga shi an haɗa ni da mutumin da sallama ma sai ya shirya mata tun daga nesa. Malam ke nan, maigidana. Ba kurma ba ne, ba shi kuma da i'ina, maganar ce kawai take yi masa nauyi. In ya ɗauko ta a hankali yake jawo ta, kafin ya kai tsakiya wani ya ƙarasa masa, sau da yawa ma da abin da ba shi yake nufi ba, shi kuwa sai ya ce "haka ne" ya sunkuyar da kai. Ni ma nakan ƙarasa masa. To ya zan yi, tuwo yana kan wuta.

Gyaran rediyo da fitila da cajar waya yake yi a 'yar rumfarsa ta ƙofar gida, a ƙauyenmu da ke yankin Nasarawan Doya. Ranar kasuwa ya ɗaure akwatinsa a bayan babur ya tafi Makarfi. Da damina ya yi masara, da ɗan rake a fadama. Majalisa ba ya zama, ɗaurin aure in ya je can baya yake raɓewa. Wasu a gari suna cewa girman kai ne, wasu su ce miskilanci. Ni da nake wanke masa kaya na san ba haka ba ne. In ido ya yi masa yawa zufa ce take keto masa har rigar ta manne da bayansa. Mutum ya kai shekara arba'in da wani abu ba shi da aboki ko ɗaya da zai ce nasa ne, kuma abin yana damunsa, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Wata ranar kasuwa ya dawo da tarkacen da ya tsinto a wurin masu gwangwan, a ciki har da oba-oba, irin wadda jami'an tsaro suke riƙewa suna magana. Baƙa ce, duk ta koɗe, murfin batirin a ɗaure da roba. Ya yi ta tonon cikinta har ta soma shuu. Sannan ya saro doguwar gora ya naɗa mata eriya, ya hau darbejiyar tsakar gida ya ɗaure ta can ƙololuwa, ya jawo waya ta taga zuwa ɗan ɗakin da yake ajiye kayan aiki.

Na ce, "Malam, tsuntsu za ka kama ko sama za ka tsokana?"

Murmushi kawai ya yi ya shige ɗakin.

Ban manta yammar da na fara jin dariyarsa ba. Bayan la'asar ne, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji namiji yana ƙyaƙyata dariya a ɗakin kayan aiki. Na ce wane marar kunya ne ya shigo mana har ciki ba sallama? Na ajiye rariya na leƙa. Malam ne shi kaɗai, ya jingina da bango ya miƙe ƙafa, oba-oba a bakinsa, yana ba wani labarin yadda akuyarmu ta cinye masa sabulun wanka. Tiryan-tiryan yake bayar da shi, har da kwaikwayon muryata lokacin da nake bin ta da muciya. Wallahi tsayawa na yi kamar an dasa ni. Na haifa wa mutumin nan 'ya'ya, ban san ya iya ba da labari ba.

Daga baya na san abokan hirar tasa. Su biyu ne. Ɗaya dattijo ne Bafulatani a wajen Furana, ɗansa ya saya masa oba-oba don ya riƙa jin masu kiwo in sun shiga inda babu sabis. Ɗayan mai gyaran injin ban ruwa ne a Kudan, shi ma irin Malam ne, mai gudun taro. A iska suka ci karo da juna, wani ya yi sallama wani ya amsa. Ba wanda ya tambayi sunan wani, ba wanda ya karɓi lambar wayar wani. Dattijon suka riƙa kiransa Na Gabas, mai injin Na Yamma, Malam kuwa Na Tsakiya.

Sunan nan na Malam da dalilinsa. Furana da Kudan sun yi nisa, na'urorinsu ba sa kamo juna, amma kowannensu yana kamo Malam. Don haka duk abin da Na Gabas ya faɗa sai Malam ya maimaita wa Na Yamma, in Na Yamma ya ba da amsa Malam ya mayar. Mutumin da ba ya iya tambayar gishiri a shago, shi ne ya zama bakin mutum biyu. In ba shi, babu hira.

Na taɓa ce masa, "Ba ga waya ba? Ku kira juna mana kamar sauran mutane, ka huta da hawa bishiya."

Ya daɗe kafin ya amsa, na cije baki na jira. Ya ce, "A waya ana katse mutum. Wannan kuwa in na danna, ba mai iya cewa komai sai na saki."

Shi ke nan sirrin. In ka danna maɓallin, filin naka ne, ko ka yi shiru a tsakiya kana laluben kalma ba mai shigo maka, sai ka ce "oba" da bakinka. Kuma ba ido ko ɗaya a kanka.

Hirar tasu ba ta wuce ta manoma ba. Tsutsa a masara, saniya da ta ƙi tashi, injin da yake shan mai ba ya jan ruwa. Da damina Na Gabas ne yake fara ganin hadari, sai ya ce, "Na Tsakiya, ga shi nan ya taso muku, ka gaya wa Na Yamma ya rufe kayansa." Malam ya leƙo ta taga ya ce in kwashe shanya. Matan unguwa har sun gane, in suka ga na kwashe tawa sai kowa ta fito da gudu. Shekarun nan na ga Malam ya canza. Yana cin abinci da yawa, yana tsokanar yara. Da la'asar ta yi sai ka ga yana sauri kamar mai zuwa zance. Na ji daɗi, kuma ban ɓoye ba.

Sai zaman lafiya ya soma gurɓacewa. Aka ɗauke wani mai hali a wani ƙauye can gaba da mu, aka kore shanun wani. Kalma ɗaya ta shiga bakin kowa, infoma. Wai duk inda aka yi ɓarna akwai ɗan gari da yake ba ɓarayi labari. Mutane suka shiga kallon juna. Ana cikin haka wani ya ɗaga kai ya ga gorar Malam tana reto a saman darbejiya, gorar da ta shekara da shekaru a wurin ba wanda ya kula ta.

Katangarmu gajera ce, mai wucewa yana jin abin da ake faɗa a ɗakin. To me zai ji? Zai ji mutumin da ba ya magana da kowa a gari yana cewa, "Ya ce shanun sun sauka rafi. Ya ce motar rake ta tashi." Kuma murya tana amsa masa da Hausar Fulani. Aka fara janye yara daga gidana. Na je ɗibar ruwa mata suka yi tsit. Wata da bakinta ba ya da linzami ta ce da ni, "Ai shiru-shirun nan dama mun san ba banza ba." Na dire bokiti na wanke ta tas, har da na uwarta, sai da aka riƙe ni. Na dawo gida a tsorace, don na san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ba a tsayawa jin ta bakinsa.

Wan Malam ne ya zo ya ce mai unguwa yana kira, a zo da na'urar. Mai unguwarmu dattijon kirki ne, tare suka yi yarinta da mahaifin Malam. Ni kuwa na yafa mayafi na riga su zuwa, na shige wurin matar mai unguwa, na tsaya a bayan ƙofar zaure inda nake hangen waje ta tsagar ƙyaure.

Gari ya taru, har da samarin sintiri da gorori. Sun riga sun kwance gorar eriya daga bishiyarmu sun kafa ta a jikin zauren. Aka zaunar da Malam a tsakiyar tabarma. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce shi bai yarda yaron nan mugu ba ne, kuma ga hanya mai sauƙi da za a wanke shi. Tunda hira ce kawai yake yi, to ya yi ta yau a nan, kowa ya ji da kunnensa, magana ta mutu. Jama'a suka ce wannan adalci ne. Ni kaɗai a bayan ƙyaure na san ba zai iya ba. Da sun ce ya ɗauki buhun masara biyu ya zagaya gari, da ya fi masa sauƙi.

Aka kunna. Ba a jima ba muryar dattijon ta fito.

"Salamu alaikum. Na Tsakiya, kana kusa? Oba."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Na ji wani yana cewa, "Kun ji ko, Bafillace ne." Sai ga Na Yamma shi ma ya shigo, yana tambaya ko dattijo ya hau, yaya saniyar da ta ƙi cin dusa.

Malam ya ɗaga oba-obar zuwa bakinsa. Ina ganin babban yatsansa ya danna, shuu ɗin ya ɗauke. Leɓensa ya motsa. Babu abin da ya fito. Zufa ta jiƙa masa wuyan riga.

"Yi magana mana," in ji wani saurayi.

"Ka ce masa lafiya lau," in ji wan Malam.

"To me yake ɓoyewa?" in ji wani daga baya.

Malam ya saki maɓallin. Dattijon ya sake kira, a hankali, ya ce ko batir ne ya yi sanyi. Malam ya sake dannawa, ya sake saki. Sannan ya ajiye ta a kan tabarma da hannu biyu, ya tashi, mutane suka dare masa ya wuce. Ni ban san lokacin da na banko ƙyauren ba. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Mutumin da kuka sani tun yana yaro ko karatun allo ba ya iya biyawa a gaban mutane, shi za ku tara wa gari?" Matar mai unguwa ta fizgo ni ciki tana cewa in rufa wa kaina asiri.

Da taro ya watse mai unguwa ya shigo ya same ni ina kuka don baƙin ciki. Na durƙusa na ce, "Baba, a mayar masa da abinsa. Wallahi ba shi da kowa sai mutanen nan biyu."

Ya ce, "'Yata, ni ban zarge shi ba, kuma na faɗa wa jama'a. Amma in na mayar masa da ita gida, gobe wani abu ya faru a garin nan, ba ni da ƙarfin tare masa mutane. Za ta zauna a zaurena. Duk ran da ya so ya zo ya yi hirarsa, ba mai hana shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ƙona mini rai. Zauren mai unguwa kuwa tun daga hantsi har magariba ba ya rabuwa da mutane, masu ƙara da masu gaisuwa da masu zaman kashe wando. An bar masa abinsa a inda aka san ba zai iya taɓa shi ba, kuma kowa ya tafi gida yana ganin an yi masa alheri.

Bai je ba. Da la'asar ta yi sai ya shiga ɗakin kayan aiki ya zauna, wayar da aka yanke tana lilo a taga. Ita kuwa oba-obar samarin sintiri suna yi mata caji suna kunna ta, wai suna sa ido. Duk yamma sai an ji su daga zauren, wannan ya kira Na Tsakiya, wancan ya kira Na Tsakiya, ba su kuma jin junansu. Na ce wa Malam bari in roƙi matar mai unguwa a miƙo mini ita cikin gida, in yi musu bayani da bakina. Ya ce a'a. Na ce don me? Ya ce, "In ce wa tsohon nan mutanen garinmu sun ce shi ɓarawo ne?" Gara su zaci ya yar da su da su ji wannan. Na yi masifa har na gaji, bai canza ba.

Wata rana wani saurayi ya ɗauka ya amsa wa Na Yamma. Ya ce, "Kai wane ne? A ina gidanka yake? Faɗi sunanka." Daga ranar ba a sake jin Na Yamma ba. Ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Dattijon ne bai daina ba. Kullum sai ya yi sallama, ya jira, ya ce Allah ya sa lafiya, ya sauka. Yara har suka mayar da abin wasa, in sun hango Malam sai su maƙale murya su ce, "Na Tsakiya, kana kusa?" Shi kuwa ya koma yadda na same shi, har ya fi. Tuwo ya riƙa dawowa da saura. Nakan dube shi a zaune yana juya sukundireba a hannu ba abin da yake kwancewa, in ji kamar in fita in cinna wa zauren nan wuta.

Bayan an yi girbi, wata yamma sai ga mai unguwa da kansa a ƙofar gidanmu, abin da bai taɓa yi ba. Malam ya fita, ni na laɓe a bayan katanga. Mai unguwa ya ce yau wata murya ce ta kira a oba-obar, ba ta dattijon ba, shi da kansa ya amsa. Ɗan dattijon ne. Ya ce mahaifinsu ya rasu, an kai shi tun da hantsi. Kafin ya cika ya bar saƙo, ya ce a gaya wa Na Tsakiya yana neman gafara in wani abu ya yi masa, kuma shi Na Tsakiya ya gaya wa Na Yamma rasuwarsa, don ba mai iya kai masa sai shi.

Malam ya zame ya zauna a ƙasa. Ya shiga salati.

Mai unguwa ya kama hannunsa ya kai shi zauren, ya kori kowa, ya jawo ƙofa, shi ma ya tsaya a waje. Ashe ana iya korar mutane daga zauren nan. Da na ji haka sai da na ciji yatsa, na ce sai da tsoho ya mutu aka gano wannan dabarar? Matar mai unguwa ta ce tana jin muryar Malam ta bango, yana ta kiran Na Yamma, rau da ita ba gargada, har aka kira magariba. Ba wanda ya amsa.

Washegari da safe ya goge babur ya sa farar riga ya ce Kudan zai tafi. Na ce, "Ka san gidan?" Ya ce a'a. "Ka san sunansa?" Ya ce a'a. Na ce, "To in ka isa ka tambayi masu shayi ina mai gyaran injin ban ruwa, za su nuna maka." Ya gyaɗa kai, ni kuwa na san ba zai tambaya ba.

Sai yamma lis ya dawo, ya yi butu-butu. Na ba shi ruwa, na zauna a gabansa. Da ƙyar labarin ya fito, guntu-guntu. Bai tambayi kowa ba. Lungu-lungu ya riƙa bi yana kallon saman gidaje, har ya hango wata gora da eriya a bayan gari, kusa da inda ake dafa mazarƙwaila. A ƙofar gidan ga mutum a tsugune ya baje injin ban ruwa, wasu manoma suna zaune a dakali suna jiransa. Mutumin ya ce da ɗayansu ya miƙo masa sifana, Malam yana jin muryar ya gane shi. Ya kashe babur ya tsaya a tsallaken hanya.

Na ce, "Sai ka yi sallama."

Ya ce, "Shi ya ɗago ya gan ni. Ya ce, bawan Allah, gyara ne?"

"Ka ce masa me?"

"Na girgiza kai."

"Shi ke nan?"

"Sai ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da aikinsa." Sannan ya ce, "Da mutane a wurin."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga hawaye yana bin ƙurar fuskarsa, faɗan ya maƙale mini. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, duk a lokaci guda. Na ce, "To gobe ni zan je. Na san kwatancen yanzu, baki kuma ina da shi."

Ya ce, "A'a. Ni aka ce."

Damina ta sake zuwa ta wuce. Oba-obar tana nan a zauren mai unguwa, batirin ya kumbura, ba mai kunna ta. Maganar infoma ta bi iska, matan da suka janye 'ya'yansu sun dawo aron turmi. Mutumin Kudan yana can yana gyaran injinsa, bai san tsohon ya rasu ba, bai san wanda ya tsaya a tsallaken hanya ranar nan ba. Saƙon mamaci yana nan a wuyan Malam bai sauke ba, ina ganin yadda yake cin sa. Wani lokaci in na kasa haƙuri nakan ce, "Malam, Kudan fa?" Sai ya dubi babur ɗin da ke jingine a zaure, ya ce, "Zan je."